Gidanmu na Shamiyya, Tafiyar Yasin Ɗaya

Akwai wata safiya a Makka da ko tsufa ya ƙwace mini komai ban jin zai iya ƙwace ta. Wani tsohon Bature ne sanadinta.

A lokacin ina tuƙin mota, ina ɗaukar masu Umra daga unguwar Kudai. Baturen ya musulunta ne da furfurarsa, kuma ya koyi Larabcin littafi, irin wanda idan ya yi maka magana sai ka ji kamar huɗubar Juma'a ake yi maka. Mako guda ina yawo da shi. Da na tambaye shi sana'arsa, sai ya ce shi tarihin ƙauyukan Ingila yake bi. Ya nuna mini hotuna a waya: ga tsohuwar coci, ga gidan mai ƙasar da ake yi wa noma a da, ga littattafan da aka rubuta haihuwa da aure da mutuwar mutanen ƙauye, kaka da kakanni. Kowace gona da sunanta. Na ce a raina, waɗannan mutane ko kaza ce ta mutu sai sun rubuta.

Ya ba ni labarin wata al'adarsu. Kafin taswira ta wadata, sau ɗaya a shekara dattawa kan fito da matasa su zagaye iyakar ƙauye a ƙafa, suna dukan duwatsun iyaka da tsumagiya, don kada sanin ya mutu tare da tsofaffi.

Sai ya juyo ya ce, "Kai fa, ya ahi, ɗan'uwana, ina gidan kakanninka yake?"

Na san kakan babana ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa, na san ya zauna a Shamiyya kusa da Harami, na kuma san an rushe unguwar an faɗaɗa masallaci. Iyakar sanina ke nan. Ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku, amma ban iya nuna wa baƙo inda aka haifi ubana. Wallahi kunya ta kama ni. Babana ya rasu, ƙannensa sun rasu, mutum ɗaya ta rage da ta taɓa kwana a gidan nan, ita ce kakata da ke zaune a unguwar Mansur, kuma a shekarar ƙarfinta ya fara ja baya sosai.

Da yamma na same ta tana shan shayi, na faɗa mata abin da nake so.

"Sai yau ka tuna kana da asali, mijin banza?" in ji ta. "Sai da Bature ya tambaye ka?"

"Sitti, ki yi haƙuri. Amma ai ko dutsen an baje shi. Me za ki gane?"

"Halas, shi ke nan, kai dai ka zo da motarka bukra, gobe da safe. Ka taho da Baturen naka ya ga aiki."

Washegari bayan hantsi muka shiga Harami mu uku. Na kama mata arabiyya, keken da ake tura tsofaffi a ciki, ta ture shi da sanda. Ta sa muka kai ta gefen filin ɗawafi, daidai inda indararon zinaren Ka'aba yake fuskantarmu. Ta daɗe tana kallon Ɗakin, sannan ta yi mana bayani, ni kuma ina juya wa Baturen da Larabci.

Ashe mahaifinta ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ita ce 'yar jagorarsa tun tana ƙarama. Idan an idar da salla, a nan gefen yake fara karanta Yasin, yana dafe da kafaɗarta, kuma bai taɓa kai ayar ƙarshe ba sai a bakin ƙofar gida. Kullum haka, har ta haddace surar a hanya ba tare da allo ba.

Na ce, "To ai tafiyarki daban, tasa daban."

Ta harare ni. "Ya walad, kai yaro, dube ni da kyau. Yanzu ai na kai shekarunsa. Tafiyata ta zama irin tasa."

Ta juya wa Ka'aba baya, ta ɗora hannu a kafaɗata, ta yi bisimilla.

Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Muna ratsa jama'a, muna hawa muna sauka, marmara na sanyi a ƙafa, fitilu na rataye a sama, ita kuwa idonta a lumshe, tana jan karatun a hankali da wata murya ta mutanen da. Wani wuri sai ta matsa kafaɗata mu karkata hagu, alhali ba abin da ke gabanmu sai fili. Daga baya ta ce a nan lungun mai gasa burodi yake. Baturen na biye da mu riƙe da takalmansa. Ni dai ina tsoron kada numfashinta ya yanke kafin surar ta ƙare. Sau biyu ta tsaya ta huta, ta yi shiru, ba ta ci gaba da karatu ba sai da ƙafarta ta ci gaba.

Ta kai ayar ƙarshe a cikin sabon ginin masallaci, tsakanin wasu ginshiƙai biyu. Ta buɗe ido, ta buga sanda a ƙasa.

"Nan ne zaure. Can inda mutumin nan yake sujada, nan murhunmu yake. A bayan ginshiƙin can na haifi ubanka."

Na duba. Wani bawan Allah ne daga wata ƙasa mai nisa, goshinsa a ƙasa yana kuka, bai san a madafar kakata yake ba. Sahu-sahu mutane ke salla a tsakar gidanmu. Ni da na taso ina jin haushin an rushe mana gida ba mu da abin nunawa, sai kawai na nemi wuri na zauna. Baturen ya cire tabarau yana share ido, ya ce shekarunsa nawa yana bin tsofaffin takardu, bai taɓa ganin an auna ƙasa da sura ba.

Ba zan rantse cewa ba ta kauce da taku goma ko ashirin ba. Amma a nan na yi raka'a biyu, ita tana zaune a gefena tana haki tana murmushi.

Ba ta ga Ramadan na gaba ba. Da na ƙara jinkirin wata biyar, da gidan ya tafi kabari tare da ita, kuma ba wanda zan zarga sai kaina. Abin da na koya shi ne, tsohon da ke zaune a ɗakinka yana riƙe da abin da ba ya cikin kowace takarda, kuma ba zai bi ka yana roƙo ka karɓa ba. Ka je ka tambaye shi yau, tun yana iya taka ƙasa.