Tarin Kawu a Bahar Maliya

Shekarar da Kawu ya zo Alƙahira neman maganin ƙirji, a ɗakina da ke unguwar Faisal ya sauka. Tarinsa ya hana ni barci, har filo nake ɗorawa a kunne. Ga shi da kashe fitila. Ya tsufa a garin da ba a cika samun wuta ba, shi ya sa ba ya iya ganin ƙwai yana ci a banza.

A lokacin na kamu da son nutso da dare a Bahar Maliya, ina ɗaukar hoton ƙananan halittun da ke tasowa daga zurfin teku idan duhu ya yi. Kawu ya ce ƙafata ƙafarsa, don bai san abin da zai faɗa wa mahaifiyata ba in wani abu ya same ni.

Jirgi kan tsaya a tsakiyar teku, a zura igiya mai jerin fitilu, batirinsu yana cikin jirgin. Hasken ne ke janyo halittun, shi ne kuma hanyarka ta komawa.

Ina cikin saita wani ɗan kifi, jikinsa garau kamar leda, sai fitilun suka mutu gaba ɗaya. Na juya, na sake juyawa, na rasa ina ne sama. Tsoron da ya kama ni ban taɓa jin irinsa ba. Da 'yar fitilar kyamara na bi kumfar numfashina a hankali har na fito.

Babu jirgi. Ruwa ya riga ya ja ni, yana ɗaga ni yana saukewa. Na yi ihu, iska ta tafi da shi. Ƙafafuna na lilo, ban san me ke ƙarƙashinsu ba. Na fara kalmar shahada.

Sai na ji tari. Busasshe, mai ƙarewa da istigfari. Na bi shi da iyo, in ya tsaya in tsaya.

Mai jirgin ya jawo ni yana ta ba ni haƙuri da Larabci, “ma'alish, ma'alish”. Ashe lokacin da yake wajen injin jirgin ne Kawu ya zare wayar batirin, suka kasa mayar da ita a duhu.

“Ɗana, gani na yi suna ta ci a cikin ruwa, ba kowa a wurin,” in ji Kawu. 

Da muka koma Faisal ban ƙara ɗora filo a kunne ba. In tarin ya daɗe bai zo ba, sai in tashi in duba shi.