Saura Ɗaya Na Jiran Ciwo Ya Cika

Duk wanda ya taɓa shiga tashar nan ya san Saura Ɗaya, in ma idonsa bai san shi ba to kunnensa ya san shi. Ɗan kamasho ne, aikinsa kenan tun yana da gashi a ka, ya tsaya bakin ƙofar mota ya wage maƙogwaro, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya a tashi!" Ka taho da gudu jaka na dukan ƙafarka ka leƙa ciki ka tarar da wata tsohuwa da kazarta su biyu rak. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Aƙidarsa guda ce a duniya, mota ba ta tashi sai ta cika. Ko kuka kake ko haihuwa matarka take, sai ta cika. Akwai motocin kamfani a tsallaken titi masu tashi da agogo, lokaci na yi sai su ja ko da rabin kujerun ba kowa, to wai shi duk duniya ba abin da ke ba shi dariya irin wannan. Sai ya nuna su da baki ya ce, "Ku dubi masu ilimi, iska suka ɗauko za su kai ta wani gari."

To da cikinsa ya fara murɗa ma haka ya yi masa. Matarsa tela ce, kekenta na nan a baranda, ta ce Baban yara mu je asibiti, ya ce bai cika ba. Ya daina cin abinci, bai cika ba. Amai ya zo, bai cika ba. Sai ranar da ya zube a bakin ƙofar mota yana tsakiyar kira direbobi suka kwashe shi kamar buhu, ranar dai ya cika har da lodi a sama. Likita ya ce hanji ne ya toshe har wani yanki ya lalace, aka yanke aka haɗa aka ɗinke shi daga saman cibiya har ƙasa kamar zif ɗin jakar matafiya.

Da ya farfaɗo wata nas da kowa ke ce wa Sista ta tsaya kansa ta yi masa karatu dalla-dalla. "Baba, maganin ciwon nan da agogo ake shan sa, ba sai ciwo ya zo ba. In ka bari ya hau ka ƙwaya ba ta sauke shi da wuri. Kuma ka riƙa jan numfashi har ƙasa, in za ka yi tari ka danna filo a kan ɗinkin, ka tashi ka ɗan taka. Duk ba za ka iya ba in ciwo na cin ka."

"Da agogo?" in ji shi da 'yar muryar da ta rage. "Kamar motar kamfani kenan."

"Ni ban san motar kamfani ba, na dai faɗa maka."

Shi kenan fa Sista ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, ba ta sani ba. In ta zo ta ce Baba daga ɗaya zuwa goma ciwon nawa ne, sai ya ce da sauran wuri, alhali gumi na zuba ya riƙe ƙarfen gado kamar za a ƙwace masa. A asibiti dai ba yadda ya iya, a tsaye take sai ya haɗiye. Ga wata tambayar kuma kullum safiya a gaban jama'a, "Baba ka yi tusa?" Wai sai ta fita za a san hanjin ya koma aiki. Ranar da ta fita matarsa ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, na gadon kusa ya tafa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ihu ta sama ba a taɓa tafa masa ba, sai ga shi an yaba masa ta ƙasa.

Aka sallame shi ya dawo gida, nan ne kuma ya zama ciyaman ɗin kansa. Yana kwance kan katifa a falo, fanka na ta gyaɗa kai a sama, matar ta bar keke ta zo da ƙwaya da kofin ruwa.

"Baban yara, lokaci ya yi."

"Bai cika ba."

"Me ne bai cika ba?"

"Ciwon mana. Yanzu 'yan tsiraru ne a kujerar baya. In sha ƙwaya guda a kan wannan? Ai asara ce."

"To Allah ya kawo fasinja," in ji ta, ta koma kan kekenta.

Kuma Allah na kawowa. Kafin la'asar sai ka ji shi yana nishi yana kiran sunayen kakanninsa, "Maman yara! Kawo! Ya cika, kawo biyu a haɗa lodi!" Ta ce biyun ne ba za ka gani ba, Sista ta ce kar a kuskura a ninka. Ya haɗiyi ɗaya ya zuba wa silin ido, shiru ciwo bai motsa ba, sai ya hau zagin ƙwayar wai jabu ce, wai likitocin yanzu alli suke ba mutane. Filon da aka ce ya danna kuwa ya ce shi ba mai jego ba ne da zai rungumi filo. Tari ya zo ya haɗiye shi. Numfashi sama-sama kamar kaza a rana. Daga katifa zuwa bayi sai an yi shawara. Muryar nan da ke tsayar da mai babur a tsallaken titi ta koma ko ƙaramar 'yarsa da ke gefensa sai ta ce, "Baba me ka ce?"

Da aka koma a duba ɗinki jikinsa da zafi, Sista ta sa abin awo a bayansa ta saurara ta ɗago ta dube shi. "Baba ƙirjinka ya tara majina, ba ka tari ko?" Matar ta ce ai Sista jira yake ya cika. Aka ƙara masa wani maganin na ƙirji, aka sake karatu daga farko, ya ce to, to ɗin da ake ce wa fasinja in ya tambaya an kusa tashi.

Ana haka sai ga Ciyaman na tasha ya zo dubiya da Dogo direba, sun riƙo lemo a leda. Ciyaman ya zauna ya cika kujera ya ce, "Sannu Saura Ɗaya, ka ga jiki kuwa, kamar ba a yanka ka ba." Mutum kwance kamar tsumma. Aka yi gaishe-gaishe sannan ya gyara hula. "To ka san layi ba ya zama ba mai kira. Akwai wani da ya zo da lasifika, mun ɗan ba shi riƙo. Ni ba na cin amana, in ka dawo ka tsaya bakin ƙofa ka yi kira mai faci na ƙarshen tasha ya ji, layinka ne. In bai ji ba, to ka san sauran."

Mai facin nan kuwa injin iska ya gama da kunnensa tun tuni, ko taya ta fashe a gabansa sai ya ce wa ke sallama.

Dogo shi ba ya iya riƙe baki, ya zaro waya. "Kai ba ka ma ga abin dariyar ba, duba nan." Ga Mai Lasifika zaune kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana cin gyaɗa, lasifikar na rataye a ƙofar mota tana ta ihu ita kaɗai, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya a tashi!" Muryar wa? Muryar Saura Ɗaya. Ashe tun yana lafiya mutumin ya naɗe ta a waya.

Wallahi sai Saura Ɗaya ya yunƙura zai ce ɓarawo, ɓa ɗin kawai ta fito, ɗinkin ya ce ina nan. Ya koma ya kwanta hawaye na bin kunnensa, Dogo ya mai da waya aljihu a hankali, Ciyaman ya tuna wai yana da taro.

Da suka fita matar ta tsaya bakin ƙofa da almakashi a hannu. "To Saura Ɗaya, ga muryarka can ta fita aiki tun safe tana ciyar da gidan wani, kai kuma kana nan kana lodi. Ka ci gaba, ai da sauran wuri."

Fanka na ta gyaɗa kai. Can ya ce, "Ƙarfe nawa?"

"Me?"

"Na ce ƙarfe nawa ne na shan abin."

"Ai bai cika ba."

"Maman yara, don girman Allah."

Ta sa masa ƙararrawa a waya. Tana kaɗawa zai haɗiya, ciwo ko mutum biyu ne a ciki haka za a tashi, yana sha yana tsaki. Abin haushin kuma sai abin ya yi aiki, wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya rungumi filon ya danna a ciki ya yi tarin da ya daɗe yana ɓoyo, abin da ya fito ba na faɗa ba ne. Ya fara takawa daga katifa zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin titi, filo a ciki kamar mai tsohon ciki, maƙwabta na cewa Allah ya sauke lafiya. Matar ta ɗinka wa filon riga da igiya ya riƙa ratayawa a wuya. Ya fara gwada kira a bayan gida, ranar farko akuya ko ɗago kai ba ta yi ba, daga baya har ta riƙa tsinke igiya. Da Sista ta ce yanzu a fara rage maganin tunda ciwon ya ja baya, sai ga shi yana gardama wai ai lokaci lokaci ne. Ta ce ikon Allah.

Ranar da likita ya yarda ya fita, da sharaɗin ba ɗaga kaya, ya shiga tasha da filonsa a wuya. Direbobi suka kwashe da dariya, "Ga Mai Filo! Me aka samu, mace ko namiji?" Bai kula su ba. Ciyaman ya sa aka kashe lasifika. Ya tsaya bakin ƙofar mota ya kafa ƙafa, ya danna filo da hannu biyu, ya ja numfashi har ƙasa yadda Sista ta koya masa.

"SAURA MUTUM ƊAYA!"

Tattabarun kan rumfa suka watse. Can ƙarshen tasha mai faci ya ɗago daga kan taya ya waiwayo ya ce, "Wai wannan maƙaryacin bai mutu ba?"

Ciyaman ya ce to magana ta ƙare. Mai Lasifika ya sauke kayansa yana ƙunƙuni, Saura Ɗaya ya ce kuma a goge muryata, in kana so ka yi ihu a yanka naka cikin.

Ana cikin haka wayarsa ta hau ƙara a aljihu. Ya dakata ya zaro 'yar ƙwaya ya karɓi ruwan Dogo ya kora. Dogo ya dubi motocin tsallaken titi ya dube shi. "A'a, yau kuma kamfani muka koma? To tunda da agogo ake yi yanzu, in tayar da mota?"

"Taɓa makullin nan ka gani."

Wata mata ta iso da gudu da yaro a hannu tana haki, ta leƙa cikin motar, ba kowa sai wani tsoho yana gyangyaɗi. Ta ce, "Malam, don Allah an kusa tashi?"

Ya gyara filonsa ya buɗe mata ƙofa. "Shiga Hajiya, ke kaɗai ake jira."