Almakashina da Fim ɗin Mutanen Finland

Cikin shekara ashirin da ɗoriya da na yi ina haska fim a Jidda, ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba wata Laraba ce ta watan Sha'aban, wajen tsakiyar shekarun 1970. Lokacin ni ne mataimakin mai injin majigi a kulob ɗin wani kamfanin gine-gine. Haifaffen Sudan ne ni, iyayena Hausawa, kuma iƙamata, wato takardar zamana, tana hannun mai kamfanin, shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma. In ya ce halas, wato shi ke nan, to ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku sai jirgin ruwa zuwa Sudan.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda aikin yake ba. Fim yana zuwa ne a naɗe cikin gwangwanaye masu faɗin faranti. Dokar kafili ita ce a tsabtace shi kafin a haska, domin a fili muke nunawa, maƙwabta suna leƙe daga saman benaye. Ba ma sa shi a inji mu kalla. Ja muke da hannu a gaban fitila, in mun ga sumba ko tsiraici mu datse da almakashi, mu kankare bakin, mu shafa gam mu haɗe. Abin da aka yanke, shugabana Usta Haruna ke tafiya da shi gida ya ƙone, don kada ya faɗa hannun samari. Galibi tsofaffin finafinan Masar ne da kamfani ya saya, ba mai tambayarmu.

Ranar Litinin manajan kulob ya aiko da gwangwani huɗu, wai fim ne daga Finland, za a nuna wa injiniyoyin ƙasar da ke aiki tare da mu. Usta yana fama da zazzaɓi, ni kaɗai na duba. A naɗi na uku sai ga maza biyu tsirara haihuwar uwarsu, cikin wani ɗakin katako. Ko tsayawa tunani ban yi ba, na cire wajen minti huɗu, har ina yaba wa kaina. Talata Usta ya leƙo, ya kwashi yanke-yanken ya koma gida ya kwanta.

Laraba da hantsi manaja ya shigo da babban injiniyan, wani dogo da muke kira Abu Shiru saboda tsadar maganarsa. Da guntun Larabcinsa ya bayyana cewa fim ɗin aro ne. Yana zagaya bukukuwan baje kolin finafinai ne, inda alƙalai ke kallo su ba da lambar yabo. Ya riga ya je biyu a Turai, kuma wannan ne kaɗai kwafin da ke da fassarar Turanci a ƙasa. Alfarma wani abokinsa ya yi masa aka ratso da shi Jidda, gobe da safe zai bi jirgi zuwa wani bikin a gabas. Ko ƙarzanewa ba a so ya yi.

Manaja ya juyo wurina ya ce, "Ba wanda ya taɓa shi, ko ba haka ba, ya Isa?"

Na ce, "Insha Allahu." Abin da bakina ya iya fitarwa ke nan.

Suna fita na tari motar haya zuwa unguwar Nuzla, gidan Usta. Duk tafiyar ba abin da nake gani sai hayaƙi da fuskar kafili. Ina shiga lungun na ji ƙaurin fim yana ci. Na tarar da Usta zaune a gaban durom, ya rufa da bargo cikin wannan zafin, yana juya wuta da sanda. Ko sallama ban yi daidai ba.

Ya bar ni na gama kame-kame, sannan ya nuna ƙusa a jikin bango. Ga guntun da na yanke nan a rataye, a naɗe tsaf. Ya ce tun da ya taɓa ya ji ba irin namu ba ne, sabo ne ƙal, shi ya sa ya ajiye yana jiran mai laifin ya kawo kansa. Ya ƙara da cewa tun ina sabon zuwa ya lura almakashina ya fi idona sauri.

Na ce zan mayar da shi ba wanda zai sani. Usta ya girgiza kai. Kowane haɗi yana cin hoto ɗaya ko biyu, kuma masu bikin da yatsa suke bin fim.

"In ka faɗa da bakinka kuskure ne," in ji shi. "In suka gano da kansu ha'inci ne. Yalla, tashi."

Na koma na mayar da guntun, na yi haɗi biyu, farko da ƙarshe, sau uku ina goge zufa don kada ta ɗiga a kai. Bayan la'asar na je ofishin Abu Shiru na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce in haska masa naɗi na uku.

A ɗakin ajiya muka yi, a jikin bango, mu biyu. A nan na fara ganin abin da na yanke, ashe ɗakin katakon na wankan tururi ne irin na ƙasarsu. Tsoho ne da ɗansa, da gani an daɗe ba a ga maciji. Ɗan ya watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya tashi, ya ɗauki soso ya shiga cuɗa wa tsohon baya a hankali. Tsohon ya sunkuyar da kai yana kuka. Hoton ya ɗan yi tsalle sau biyu, kowane tsalle sai na ji shi a ƙirjina.

Na kashe injin. Sannan Abu Shiru ya ce, "A irin wannan ɗakin aka haifi babana. A ciki kuma muka wanke gawarsa."

Ya ɗauki takarda ya rubuta cewa haɗin nan biyu da saninsa aka yi, ya sa hannu ya jefa cikin gwangwanin. Manaja bai ji komai ba, kafili ma haka. Fim ɗin a ɗaki rufe aka nuna wa mutanensa, washegari ya bi jirginsa.

Na ci gaba da yanka har na yi ritaya, don doka doka ce. Amma ban ƙara sa almakashi a kan abin da ban kalla a inji ba, ko wanda ban tambayi mai shi ba. Aikinmu yana sa mutum ya ga fata kawai ya yanke hukunci. Minti huɗun da na ɗauka batsa ce, ashe ɗa ne ke cuɗa wa ubansa baya, abin da ni ban samu na yi wa nawa ba. Ya rasu a Sudan ina nan ina jiran takardar fita.