Ummarmu ta je asibiti yau da safe

Jama'a!

Oga ya ce in haɗa teburin bayanan majinyata da na masu zuwa ganin likita a wani asibitin Roni, in sa SQL, yaren da muke binciken bayanai da shi a kwamfuta, ya yi wa duk katin da ke yawan maimaituwa alama, a goge na bogi. Ina dannawa, layin farko sunan Ummarmu! Ummar da muka binne bara! Duk ranar kasuwa sai ta zo, har yau.

Na ce ko JOIN ɗina ne, wato umarnin da ya haɗa teburan biyu, ya ninka layukan. Na sake dubawa, lafiyarsa ƙalau.

Na kira nas ɗin wurin. Ta ce, "Hajiya Hassana? Ai yanzun nan ta fita."

Innalillahi! Sai da na zauna a ƙasa.

Can na tuna da Inna Usaina, abokiyar tagwaicin Umma. Na kira ta, na ce, "Inna, ke kike zuwa da katin Umma?"

Ta ce, "Ni ce. Amma lafiyata lau, ɗan nan. Can ne kaɗai ya rage ake kiran sunanta. Don Allah kar ka goge ta."

Ga alamar nan a gefen sunan Umma tana kallona. Oga yana jira.