Giwar Da Ta Fito Koriya

Kowace safiya, kafin ya taɓa buroshi, sai Mai Zane ya bi kwalaben fentinsa da ɗan yatsa daga hagu zuwa dama, yana kiransu ƙasa-ƙasa kamar uba na ƙidaya 'ya'yansa: ja, rawaya, shuɗi, kore. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta kama shi, shuɗi da kore suka zame masa abu guda, mazaunin kwalba kaɗai ke raba masa su. Bai gaya wa kowa ba. Shekara talatin da huɗu yana yi wa littattafan yara hotuna, ba shi da wata sana'a, kuma wa ke ba mai dundumi zane?

Aikin bana labarin wata yarinya ne da giwarta mai fukafukai. Marubuciyar ta yi giwar shuɗiya, don in maharba sun ɗaga kai ta saje da sama. Hoto goma sha takwas ya zana, har da na bango. Bai san cewa tun a farkon watan, surukarsa ta goge masa tebur, ta jera kwalaben yadda ta ga sun fi kyau ba.

A ofishin masu wallafa, edita ta baje hotunan a kan tebur. Mai tsara shafuka ya leƙo ta bayanta ya tuntsire da dariya.

"Baba, giwa koriya, sama koriya, ciyawa shuɗiya! A duniyar nan taka sai an kafa wa shanu tsani su je kiwo."

Edita ta dubi Mai Zane.

"Baba, mayafin nan nawa wane launi ne?"

Ya ƙura masa ido har ƙwalla ta taru. "Shuɗi ne, 'yata."

Mayafin kuwa kore ne shar. Dariyar mai tsara shafuka ta ɗauke ɗif.

"Ki ba ni kwana uku," in ji Mai Zane. "Uku kacal, in sake su duka."

"Gobe za a kai maɗaba'a. Za a gyara launin a kwamfuta."

"To, littafi na biyu fa? Dubi hannun nan, ko rawa ba ya yi! Wa ya san kunnen giwar nan kamar ni? Ni na haife ta. Ki bar min zanen fensir kawai, wani ya zuba launi. Don girman Allah, 'yata."

Ta tattara hotunan, ta daidaita gefensu a kan tebur, ta sake daidaitawa.

"Ka fara ganin likita, Baba. Za mu neme ka."

Ya sha jin ana gaya wa wasu haka a ɗakin nan. Ya dafa kujera ya miƙe. Mai tsara shafuka ya yi wuf zai kama masa hannu, Mai Zane ya ture shi a hankali, ya laluba marikin ƙofa da kansa, ya fita.