Duron Da Na Aika Wa Gwaggota

A shekarun da zan ba ku labari, ni ma'aikaci ne a wani ƙaramin kamfanin sabulu a bayan garin Dogon Dutsi, saurayi mai 'yar takardar lakwal, wato makarantar boko, da yawan ji da kai, wanda duk abin da ya fito daga bakin mai kamfani yake ɗauka daidai ne. Da mai kamfanin ya dawo daga Yamai da zancen rage shara, ni ya ɗora a kan aikin. Kuma ba zan ɓoye ba, an yi abin kirki. Ɓarɓashin sabulun da ake sharewa a da muka riƙa narkawa muna sake zubawa, kwalaye muka riƙa ba mata masu tuya, bolar bayan katanga ta ragu har awaki suka daina zuwa. Ina tafiya ina hura hanci, sai ka ce ni na ƙirƙiro tsabta.

Abin da ya rage shi ne shuɗɗan durorin roba da ake kawo mana asid a ciki, wani ruwa mai kauri kamar zuma da ake haɗa sabulun ruwa da shi. Bakinsu ƙarami ne, hannu ba ya shiga, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fidda abin da ya kwanta a gindi. Mai kamfanin ya ce a ɗauraye su a kai kasuwa, mutanen ƙauye na so. Da ya ga takardar gargaɗin da ke jikinsu tana korar masu saye, sai ya ce in kankare ta. Da wuƙata na kankare su ɗaya bayan ɗaya. Har na zaɓi mafi kyau na aika wa gwaggota a wani ƙauye kusa da Matankari, matar da ta raine ni tun rasuwar uwata, don ta huta da zaryar rijiya. Ta yi murna, ta sa shi a ɗakinta, ita kaɗai ke sha daga ciki.

Ba a yi sati biyu ba aka kira ni wai ba ta da lafiya. Na tarar bakinta duk gyambo, cikinta na ƙuna, ko fura ba ta haɗiyewa sai da hawaye. Tsofaffin gida sun riga sun yanke cewa doguwa ce ta shafe ta a hanyar gona, har an kira masu bori. Ni kuwa ina shiga ɗakin na ji ƙamshin asid ɗin da na sani a bakin duron nan. Ga abin da ke cina har yau: kwana biyu na yi shiru. Ina tsoron aikina, ina tsoron a ce ni ne. Ana goge a tsakar gida, ana jiƙa mata saiwoyi da ruwan wannan duron ana ba ta, ina zaune ina kallo. Ban ga laifin masu bori ba, sun yi abin da suka sani. Ni ne na san gaskiya na danne ta.

Rana ta uku ta miƙo hannu ta ce in ɗebo mata ruwa daga duron ɗanta, wato ni. Nan na kasa. Na tura shi ya kife, na gaya wa kowa abin da na yi, muka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Washegari na koma kamfani da guduma da kurfi, na bi sauran durorin da ke jiran kasuwa na huda gindin kowane. Mai kamfanin ya fito yana cewa na ɓata masa dukiya, zai kira jandarma. Na ce ya kira, zan nuna musu wuƙar da takardun da na kankare, in faɗi wanda ya sa ni. Bai kira ba, amma ya kore ni. Abokan aiki suka ce iskar gwaggo ce ta dawo kaina. Sati na yi ina bin ƙauyuka a kan babur ina neman waɗanda muka sayar wa, wasu suka ji, wasu suka zage ni.

An yi ta aiko mini dattawa wai in je in ba mai kamfanin haƙuri ya maida ni. Ba zan je ba, ko yau ko gobe. Haƙurin da zan bayar na gwaggota ne, kuma na ba ta a durƙushe.

Har yanzu ina goyon bayan a rage shara, ɓarna ba ta da kyau. Amma sharar da ka fitar daga kamfaninka ka zuba a cikin talaka ba ka rage ta ba, ɓoye ta ka yi. Ku ma'aikata, in an ce ku kankare gargaɗi, ku ƙi, ko da abincinku ne zai tafi. Ku masu saye, duron da kuka ga tabon wuƙa a jikinsa kada ku zuba masa ruwan sha ko wake. Gwaggota ta rayu, amma shekara uku ke nan tuwo bai wuce maƙogwaronta ba, sai kunu, kuma duk zuwan da na yi ita ce ke tambayata ko na ci abinci.