Randar da Ke Ƙofar Masallaci

Mun tashi da asuba daga ƙofar jami'a, mu uku: ni, abokin karatuna ɗan asalin Isa, da direban da aka ɗauko mana da wata tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi. Ga waɗanda ba su san mafarin tafiyar ba, wata ƙungiya mai gyaran rijiyoyin burtsatse ce ta zo sashenmu na kimiyyar kwamfuta neman masu aikin sa-kai. Ana so a zagaya ƙauyukan Sabon Birni da Isa, a ɗauki hoton kowace rijiya da ta lalace, a rubuta ko da mutane a garin. Sun kuma ce ɗaliban da suka kawo cikakken aiki za a ɗauke su aikin horo na wata shida. Ni wannan aikin nake hange, ba zan ɓoye muku ba.

Manhajar da muka tafi da ita ni na rubuta ta, kuma kaina ya kumbura da ita sosai. Tambayar farko amsa biyu gare ta: "Da mutane" ko "Kufai". Garin da aka danna wa kufai, kwamfutar ƙungiyar za ta zare sunansa daga jerin gyaran bana da kanta. Don kada wani ya yi maguɗi, na kulle ta yadda in an ajiye amsa babu mai iya canza ta, har ni. Bayanan suna zama a waya, da zarar ta samu sabis sai su tafi. Abokina kuwa ya taho da littafi da biro, na yi ta yi masa tsiya tun daga Sakkwato cewa shekara uku yana karatun kwamfuta amma har yau ɗan firamare ne.

Hanyar Goronyo ba laifi da farko, sannan ta koma ramuka da shingayen bincike. Lokacin kaka ne, gero ya nuna ko'ina. Sai dai bayan mun wuce Goronyo na lura da gonakin da geronsu ya bushe a tsaye, wasu har sun kwanta, ba wanda ya girbe. Na tambayi direba, ya rage muryar rediyo ya ce masu gonakin suna nan da ransu.

A Sabon Birni muka karya da hoce, gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli, muka bi da fura mai sanyi. Hocen da na sani ana ba yara kyauta, yanzu guda ɗaya ya kai kuɗin ƙosai uku a makaranta, mai sayarwa kuma ba ta karɓar ciniki. Garin cike yake da baƙin fuskoki, mata da tsofaffi zaune a barandar shaguna da ƙullin kayansu. Kwana biyu muka yi muna aiki ta wajen Kurawa, sabis kuwa ko ɗigo babu, komai yana taruwa a wayata. Da za mu wuce, direba ya nuna mana wajen Alkalawa, inda tsohon birnin Gobir yake. Tudun ƙasa ne da itatuwa, sai gonaki. Na ɗauki hoto na ce a raina, to ga kufai na asali.

Rana ta uku muka nufi Isa, muka saki kwalta muka bi turɓaya ta bayan Turba. Direba ya ja mana kunne cewa kafin la'asar dole mu fita daga dajin. Ƙauyen ƙarshe a jerinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mun iso shi wajen ƙarfe ɗaya na rana.

Ba kare, ba kaza, ba kukan akuya. Ƙofofi a buɗe, turmi a kife, igiyar shanya da tsumma ɗaya a kanta. Na yi sallama sau uku, muryata ta dawo mini daga bangon wani gida. Direba ya ƙi kashe mota, ya juya ta tana kallon hanyar da muka fito. Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki shi ne ƙasar wurin. An share ta. Daga bakin masallaci har gindin wata tsamiya, sawun tsintsiya ne sabo fil, layi-layi, kuma ba sawun ƙafa ko ɗaya a kai sai namu.

A ƙofar masallacin akwai randa da faifai a bakinta da moɗa a sama. Ƙishi ya dame ni, na buɗe. Cike take da ruwa mai sanyi, ba ko ƙwaro a ciki. Na sha moɗa biyu. Sannan na je na ɗauki hoton famfon burtsatsen, wanda tsatsa ta cinye hannunsa, na dubi gidajen nan, na danna "Kufai", na ajiye. Abokina yana can yana ta rubutu a littafinsa, ya ɗago ya tambaye ni wa nake jin ya cika randar. Sai a lokacin tambayar ta zo mini.

Muna tsaye muka ji ƙarar ƙarfe tana tahowa daga bayan gidaje, a hankali, tana tsayawa tana ci gaba. Na karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar cin abinci. Sai ga wani dattijo ya ɓullo yana tura keke mara sarƙa, da jarka ɗaure a baya.

Ya gaishe mu kamar wanda ya tarar da baƙi a zaurensa, ya nemi gafara don ba a shimfiɗa mana tabarma ba. Shi ne ladanin garin. Ya ce 'yan bindiga ne suka tashe su, mutanen duk suna Isa suna kwana a gidajen dangi. Amma sun yi shawara tun ranar da suka fita cewa ba za a bar garin ya kwana biyu ba a yi salla a cikinsa ba. Kullum gida ɗaya ke da juyi, wato ranar zuwansa, yau kuma tasa ce. Mai juyi ya zo da safe ya share, ya fita da baya yana shafe sawunsa don kada a gane mutum nawa ke zuwa, ya ɗebo ruwa daga wani gulbi mai nisa ya cika randa, ya kira azahar, ya yi sallarsa, ya koma. Ya ce matan sun yarda su dawo in an gyara famfo, don ba mai barin 'yarsa ta je gulbin nan yanzu. Sun ji labarin za a zo duba rijiya, kwana da kwanaki suna jira.

Sannan ya dubi wayar da ke hannuna.

"Ɗana, mi kar rubuta muna?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, kufai na sa."

Bai yi faɗa ba. Ya kwance jarkarsa, ya ɗaga faifai, ya ga inda ruwan ya ragu.

"Kuhwai yana Alkalawa," in ji shi. "Can ba a cika randa. Wanga gari na. Kai da kanka ka sha ruwanai."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na yi masa bayanin da ko ni bai gamsar da ni ba, cewa amsa biyu ce kawai a ciki kuma ba ta canzuwa. Ya tambayi wanda ya yi abin haka. Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya ce shi za shi kiran salla, in muna da alwala mu tsaya. Muka tsaya. Ban taɓa jin kiran salla irin wannan ba. Sautin yana fita yana bin gidajen da ba kowa, mu uku muna amsawa, har direba da ya kashe mota a ƙarshe.

A hanyar dawowa direba ya ce akwai wani tudu gabanmu inda mutane ke hawa neman sabis, in muna son kiran gida. Muna isa can kufan nan zai tafi wa ƙungiyar. Na fizgo wayar na kashe ta gaba ɗaya. Ba a iya goge amsa ɗaya ita kaɗai, haka na gina manhajar. Ko dai in bar komai ya tafi har da kufan nan, ko in goge manhajar da duk aikin kwana uku, hotuna da komai. Na dubi abokina, don shi ma aikin horon nan yake nema. Ya ce kakarsa ma daga irin garin nan aka kwaso ta, in goge kawai.

Na cire layin wayar, na kunna ta, na goge. Gaskiya na ji zafin abin.

Mun kwana a Isa gidan su abokina, aka cika mu da tuwon dawa miyar kuka, washegari muka kamo hanya muka iso Sakkwato da yamma lafiya. Littafin nan da na yi wa dariya shi muka kai wa ƙungiyar. Sun karɓa, sun ce za su shigar da garuruwan da hannu, amma aikin da ba hoto ba cikakke ba ne. Aikin horon wasu 'yan ajinmu aka ba, kuma sun cancanta.

Ga ƙannena na sashe masu neman aikin sa-kai, ku je, kada tsoron hanya ko rashin albashi ya hana ku. Amma kafin ku rubuta wa mutane fom, ku je ku tsaya a ƙofar gidansu tukuna. Ni a ɗakin kwanan ɗalibai na yanke cewa gari ko dai yana raye ko ya mutu, ina cin indomi. Na sake rubuta manhajar, yanzu amsa uku ce, ta ukun ita ce "Suna dawowa". Har yau ban ji ko an gyara famfon ba. Na dai san yau da safe wani ya tura keke zuwa gulbi, ya cika randar da na sha.